Bindigar gado a hannun mai ƙaramin jiki: Itace ake ragewa, ba a taɓa ƙarfe

Da zarar an gama girbi, ciyawa ta bushe, maharba sun fara shirin shiga daji, akwai gidajen da ake sauko da bindigar da ta daɗe a rataye jikin bango. Mai ita ya rasu, ko kuwa tsufa ya zaunar da shi. Wanda za ta koma hannunsa ɗansa ne ko ƙanensa, wani lokaci ma 'yarsa, kuma sau da yawa bai kai mai ita tsawo ko faɗin ƙirji ba.

Ranar harbin farko ake ganin abin. Yana ɗaga ta gindinta ya sarƙe a hammata. Ya yi ta fama har ya zaunar da ita, amma a kan dantse ta zauna maimakon kafaɗa. Nauyin bakinta ya sa ya gantsare baya. Bindiga ta tashi, zabo ya yi tafiyarsa, shi kuma ya koma gida da kumburi a dantse da kunci. Abokai su yi dariya, wasu su ce ƙarfi ne ba shi da shi, wasu su ce bindigar ce ba ta karɓe shi ba.

Alhali maganar awo ce. Babbar rigar uba idan ɗa ya gada, tela yake kai wa a rage masa, ba wanda ke ɗora masa laifin ta yi masa yawa. Ita ma bindigar farauta da awon jikin wani aka yi ta, kuma da harsashin wani zamani. Bambancin kawai shi ne riga idan ta yi yawa ƙasa take ja, bindiga kuwa tana iya cin ido ko yatsu.

Maharbiyar da aka auna a Landan

Annie Oakley, 'yar jihar Ohio ta Amurka da aka haifa a 1860, na cikin mashahuran maharba da tarihi ya sani. Tsawonta ƙafa 5 ne kacal. A 1887 ta je Landan tare da ayarin wasan Buffalo Bill, inda ta burge jama'a da iya saiti. Sai dai da ta shiga gasar harbin tattabarun Ingila masu saurin tashi, abin bai yi mata kyau ba da farko.

Mai kamfanin ƙera bindigogi na Charles Lancaster ne ya lura cewa bindigarta ta yi mata nauyi, ƙotar kuma ba ta dace da jikinta ba. Ya auna ta, ya ƙera mata wasu marasa nauyi daidai jikinta, harbinta ya gyaru. Idan macen da harbi ne abincinta ta sha wahala a hannun bindigar da ba awonta ba, ina ga wanda yau ya fara.

A daidai wancan lokacin ne auna mutum ya zama sana'a a Ingila. A 1889 wani maƙerin Birmingham, W. P. Jones, ya yi rajistar wata bindigar gwaji mai ƙota da ake iya tsawaitawa, a gajarta, a ɗaga, a karkata, har sai ta zauna wa mutum, sannan a rubuta awon a sassaƙa masa tasa. Har yanzu makarantun koyon harbi a can suna aiki da irinta.

Dalilin wannan wahala ɗaya ne. Bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma ba ta da abin saiti na baya irin na bindigar soja. Ɗan ƙwallo ne kawai a bakinta. Idon maharbi shi ke zaman abin saitin baya, kuma ƙota ce ke ajiye idon a inda zai zauna. Idan ƙota ta ajiye ido a karkace, a karkace harbi zai tafi, komai ƙwarewar mutum.

Bindigogin da kamfanoni ke turowa kasuwa kuwa awo ɗaya ake yi musu, na namiji matsakaici a Turai ko Amurka mai tsawon kusan ƙafa 5 da inci 10. Duk wanda bai kai nan ba, da aro yake harbi. Kuma ba samari kaɗai ba ne. Akwai gajerun maza, akwai dattijon da jikinsa ya ragu, akwai mata. Sunan Aisha Bakari Gombi ta jihar Adamawa, wadda ta jagoranci mafarauta wajen fatattakar Boko Haram, ya isa shaida cewa mata na riƙe bindiga a Arewa.

Lasisi ba ya cikin rabon gado

Kafin a je ga awo, akwai takarda. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya bindigar farauta mai cin harsashi a rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake mallakarsa, yayin da bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Lasisin na mutum ne da sunansa. Magada na iya raba bindiga a cikin dukiya, amma takardar mamaci ba ta kare ɗansa a shingen bincike.

Dokar ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, don haka maganar mai ƙaramin jiki a nan ba maganar yara ba ce. Ta kuma ce gyaran bindiga sai mai izini. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, saboda haka matakin farko ga wanda ya gaji bindiga shi ne zuwa hedikwatar 'yan sandan jiharsa ya ji matsayinsa.

A fara da ƙarfe

Ba amfanin sassaƙa ƙota mai kyau a jikin bututun da zai fashe. Shi ya sa masu sana'ar ke fara duba ƙarfe, kuma abin da suke fara nema shi ne ƙananan tambura da lambobin da aka buga a ƙarƙashin bututu, wurin da ke ɓoye sai an cire itacen gaba an raba bindigar biyu.

Waɗannan tambura na gidajen gwaji ne. A ƙasashen Turai da yawa ba a sayar da bindiga sai an ɗura mata harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi an harba, idan ta jure a buga mata hatimi. Gidan gwaji na Landan ya samo asali daga 1637, na Birmingham kuma daga 1813. Bindigar Beljiyam tana ɗauke da haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Haruffan NP ko BNP a jikin ta Ingila, ko hoton zaki a kan PV a jikin ta Beljiyam, na nufin an gwada ta da albarushin zamani marar hayaƙi. Tsohuwar bindigar da babu irin wannan shaida a jikinta, a ɗauka cewa don baƙin albarushi aka yi ta, wanda ƙarfinsa da yadda yake ci daban ne.

Sai dai tambari shaida ce ta ranar da aka buga shi. Shekara 70 na tsatsa da gogewa suna cinye ƙarfe. A Ingila masu sana'ar ba sa son kaurin bangon bututu ya gaza rabin milimita a inda ya fi siranta, kuma wannan ba abin da ake ganewa da ido ba ne, sai da ma'auni.

Akwai wani irin bututu da ya kamata kowa ya gane. Idan aka ga jikin ƙarfen da zane mai murɗe-murɗe kamar igiya ko saƙar tabarma, to irin wanda Turawa ke kira Damaskus ne. Siraran ƙarafa aka murɗa aka naɗe a jikin sanda aka yi ta duka da wuta har suka haɗe. Yana da kyan gani, amma duk tsawonsa haɗi ne, kuma tsatsa na iya shiga tsakanin haɗin ta ci daga ciki ba a sani ba. Beljiyam ta fitar da irinsu masu araha da yawa zuwa ƙasashen duniya. Ba a saka wa irin wannan harsashin zamani sai in an sake gwada shi a gidan gwaji. Inda babu halin haka, wurinsa bango.

Lambobin da ke cin yatsu

Abu na biyu shi ne lamba. Yawancin bindigogin farauta masu lamba 12 ne. Asalin lambar shi ne, dunƙulen dalma 12 masu faɗin bututun su ke yin nauyin laba ɗaya ta Ingila. Faɗin ya kai kusan milimita 18.5. Mai lamba 16 ta fi ta ƙanƙanta, mai lamba 20 ta fi su duka, wato lamba na hawa baki na tsukewa.

Kusa da ita akwai wata lambar, tsawon mazaunin harsashi: milimita 65, ko 70, ko 76, wato inci 2½, 2¾ ko 3. Baikal ƙirar Rasha mai baki ɗaya, wadda ta yaɗu a Afirka ta Yamma, takan zo da 12/70 ko 12/76 a rubuce. Tsofaffin bindigogin Ingila kuwa akasarinsu 65 ne.

Ga inda tarkon yake. Tsawon da ake rubutawa a jikin harsashi tsawonsa ne bayan an harba bakinsa ya buɗe. Kafin harbi ya fi haka gajarta. Saboda haka harsashi mai 70 zai shiga mazaunin 65 lafiya lau, bindiga ta rufe, har mai 76 ma yakan shiga mazaunin 70. Sai an ja kunama bakin kwanson ya rasa inda zai buɗe sosai, matsi ya ƙaru a cikin ƙarfen da dama ya tsufa. Ba lallai ta fashe ranar ba. Tana iya jurewa shekara da shekaru tana sassautawa, kafaɗar mai ita na shan duka fiye da kima. Cewa harsashi ya shiga ba hujja ba ce cewa nata ne.

Wanda ya fi wannan muni shi ne haɗa harsashi mai lamba 20 da mai lamba 12 a aljihu ɗaya, abin da kan faru idan gida na da ƙaramar bindiga da babba. Ƙaramin idan ya faɗa cikin babbar bindiga yakan zarce ya maƙale a gaba kaɗan. Mutum ya leƙa ya ga kamar babu komai, ya ƙara saka babba a bayansa. Bututun a daidai inda hannun hagu ke riƙe yake fashewa. Wannan ne ya sa kamfanoni da yawa ke yin mai lamba 20 da launin rawaya.

Harsashin da aka sake ɗurawa a gida, wanda tsada ke tura maharba saye, shi ba wanda ya san ƙarfinsa, har wanda ya ɗura shi. Sabuwar bindiga na iya haɗiye kuskuren. Tsohuwa ba ta da wannan rarar.

Abin da ido da kunne ke iya ganowa

Bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, a ɗaga bututu a leƙa ta wajen haske. Ana neman ramukan tsatsa, da loɓawa, da kumburi mai kama da zobe. Shafa yatsu a waje a hankali kan nuna kumburin da ido bai gani ba. Loɓawa na iya gyaruwa a hannun gwani, amma ba a harbi kafin a gyara.

A mai baki biyu, akan rataye bututun a yatsa ta ƙugiyarsa a ƙwanƙwasa da farce ko ɗan itace. Lafiyayye ƙara yake yi kamar ƙararrawa. Idan ya yi sautin fasasshiyar ƙwarya, siririn ƙarfen da ya haɗa bututu biyun ya fara ɓallewa, kuma ruwa na shiga ƙarƙashinsa.

Sai a mayar da bututu a rufe, a bar itacen gaba a cire, a riƙe ƙota a girgiza. Idan an ji wasa, ko aka ga haske tsakanin gindin bututu da fuskar ƙarfen da ke rufe shi, bindigar ta saki. Dabarar da wasu ke yi ta dukan ƙugiya da guduma don ta matse, ɓoye ciwo ne kawai.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mai ƙaramin hannu. Tsofaffin bindigogi da yawa sai an ja ƙarfen ɗanawa baya da babban yatsa. Idan yatsan gajere ne, ko gumi ya jiƙa shi, ƙarfen na iya kuɓucewa a rabin hanya. Wasu tsofaffin ƙira ba su da abin da zai tare shi, sai ta tashi. Haka idan haƙoran cikin sun cinye, turi kaɗan ko faɗuwa ƙasa ya isa. Maɓallin kariya a yawancin bindigogin farauta kunama kawai yake tarewa, ba ya hana bindiga tashi idan ta faɗi. Wanda ba zai iya ɗana bindiga ya kuma sauke ta cikin natsuwa sau goma a jere ba, babu harsashi a ciki, bai kai ga shiga daji da ita ba tukuna.

Inda ake ragewa

Idan ƙarfe ya tsallake, sai a dawo kan itace. Awon farko shi ne daga kunama zuwa tsakiyar gindin ƙota. A bindigar kasuwa yakan kai inci 14 zuwa 14½. Waɗanda kamfanoni ke yi wa matasa da mata kuwa inci 12 zuwa 13½ ne. Inci ɗaya kamar ba komai ba ne a ido, amma shi ne tsakanin gindi ya zauna a lungun kafaɗa da ya zame kan dantse.

Maharba da yawa sun san dabarar ɗora gindin bindiga a lanƙwasar gwiwar hannu a ga ko yatsa ya kai kunama. Tana ba da haske kaɗan, amma hannu kawai take aunawa, ba ruwanta da tsawon wuya ko kaurin ƙirji. Wadda ta fi ta ita ce mutum ya ɗaga bindiga marar harsashi kamar zai harba, kunci a kan ƙota, wani ya duba daga gefe tazarar da ke tsakanin hancinsa da gindin babban yatsan da ke riƙe da wuyan ƙota. Faɗin yatsa biyu zuwa uku ake so. Idan ya wuce haka sosai, ƙota ta yi tsawo. Idan babu tazara, ta yi gajarta, kuma yatsan zai daki hanci idan ta tashi.

A yi awon da irin rigar da ake shiga daji da ita, domin rigar sanyi ta hunturu na ƙara tsawo. A mai kunama biyu, daga ta gaba ake aunawa, a kuma tabbatar yatsa na kai mata ba tare da an saki riƙo ba.

Wajen yanka, gaggawa ce ke ɓata aiki. Itacen da aka yanke ba ya komawa yadda yake, don haka rabin inci ake cirewa a gwada, sannan a ƙara. A lissafa da kaurin robar da za a liƙa a gindi, wadda kan kai inci guda, kuma ita ce ke shanye wani ɓangare na dukan. Tsohuwar roba da ta ƙandare ko farantin ƙaho ba sa tare komai.

Idan bindigar mai daraja ce, irin ta Ingila mai zane a jiki, yanke ƙotarta na zubar da kuɗinta. Gara a sassaƙa mata wata ƙotar daidai sabon mai ita, a naɗe ta asali a ajiye.

Wuri ɗaya da ba a taɓawa shi ne wuyan ƙota, inda hannu ke riƙewa. Mai ƙaramin hannu zai so a fere masa shi, amma nan ne ya fi ko'ina rauni, nan tsofaffin ƙotoci ke tsagewa.

Karkatar gindin ma na da muhimmanci, musamman ga mata. Ƙasan gindi mai tsini kan soki ƙirji. Ana gyara shi ta hanyar sauya karkatar yankan kaɗan da kuma goge tsinin, har gindin ya kwanta gaba ɗayansa a jiki. Duka idan ya bazu a faɗin tafin hannu daban yake da wanda ya taru a wuri ɗaya.

Ido da kunci

Bayan tsawo sai tudu, wato bisan doron ƙota inda kunci ke kwanciya. Tsofaffin bindigogi, musamman ƙirar Amurka ta da, doronsu kan yi ƙasa sosai. Mai ƙaramar fuska ko dogon wuya idan ya kwantar da kunci, idonsa sai ya nutse bayan ƙarfe, ba ya ganin ƙwallon saiti. Dole ya ɗaga kai. Yana ɗagawa kunci ya rabu da itace, bindiga ta tashi ta mare shi, harbi kuma ya tafi inda ya ga dama.

Wannan gyaran ba ya buƙatar zarto. Baduku na iya ɗinka wa ƙota rigar fata mai igiya, a jera fata ko roba a ƙarƙashinta har ido ya hau daidai. A riƙa cire ta lokaci-lokaci, domin fata na riƙe danshi.

Akwai kuma maganar wane ido ne ke jagora. Mutum ya buɗe idanu biyu ya nuna wani abu mai nisa da yatsa, sannan ya rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsa bai gusa ba idan shi ne a buɗe, shi ne jagora. Badame mai jagoran ido na hagu zai yi ta harbi gefe, ya yi ta zargin bindiga. Ga sabon shiga, sau da yawa ya fi sauƙi ya koyi harbi da kafaɗar da ke ɓangaren idon.

Hanyar tabbatar da duk wannan ita ce a kafa faffaɗan kwali a gaban tudu, nesa da gari da dabbobi, domin ƙananan ƙwayoyi ma kan wuce mita 200. A ɗiga alama a tsakiya, a tsaya yadi 16, kusan mita 15. A ɗaga a harba kamar ana harbin tsuntsu, ba tare da dogon saiti ba, sau uku zuwa biyar. Ƙa'idar masu sana'ar a Ingila ita ce, duk inci ɗaya da tsakiyar ƙwayoyin ta kauce daga alama, kashi ɗaya cikin 16 na inci za a gyara a ƙota. Idan sun taru inci 4 ƙasa da alama, a ɗaga doron da rubu'in inci. A toshe kunne yayin gwajin, domin ƙarar bindigar farauta ta wuce abin da kunne ke jurewa ko da sau ɗaya ne.

Me ya sa ba a yanke baki

Da an rage ƙota, nauyi kan koma gaba. A nan ne shawarar banza ke shigowa, a ce a rage bututun ma. Kuskure ne ta kowace fuska. A incin ƙarshe na bututu akwai 'yar matsewa da ke tattara ƙwayoyi. Mai cikakkiyar matsewa na zuba kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyinta a da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40. Idan aka yanke ta, abin kan sauko wajen kashi 40. Sakamakon shi ne dabbobin da ake raunatawa su gudu su mutu a wani wuri. Ban da haka, dokar 1959 ta haramta gajarta bututun irin wannan bindiga ƙasa da inci 20.

Maganin nauyin gaba shi ne a ƙara ɗan nauyi a cikin ramin ƙota, a kuma matso da hannun gaba kusa da jiki.

Nan ma akwai abin da mutane ke juyawa. Ana ganin mai ƙaramin jiki bindiga marar nauyi ta dace da shi. Wajen ɗauka haka ne, amma wajen duka akasin haka ne, domin nauyin bindiga ne ke shanye tunkuɗarta. W. W. Greener, shahararren maƙerin Birmingham, ya bar ƙa'idar da har yau ake ambato: bindiga ta ninka nauyin ƙwayoyin harsashinta sau 96. Harsashi mai giram 28 na son bindiga mai kusan kilo 2.7. Mai giram 32 na son kilo 3 da ɗoriya, mai giram 36 kuma kusan kilo 3 da rabi. Bindiga mai baki ɗaya sau da yawa ba ta kai kilo 3 ba. A saka mata mai giram 36 a miƙa wa siririn saurayi, an koya masa runtse ido da fizgar kunama tun kafin bindiga ta tashi, ɗabi'ar da ke da wuyar bari.

Nauyin a rubuce yake a jikin kwali da kwanso. Ga zabo, fakara da zomo, mai giram 28 ya wadatar a nisan da ya dace, kuma ya fi sauƙi ga tsohon ƙarfe. Komawa mai lamba 20 ba ya magance komai idan bindigar ta fi sauƙin nauyi kuma harsashin bai ragu ba.

Wani sabon abu da ke tafe shi ne harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe maimakon dalma. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana a wuraren dausayi daga 2023. Gubar dalma ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tuna yaran Zamfara na 2010, kuma dalili ne na tsince ƙwayoyi daga nama kafin a dafa. Amma ƙwayar ƙarfe ba ta lotsewa kamar dalma, tana iya kumbura bakin tsohon bututu mai matsewa. A karanta kwali kafin a saya.

Damina, hunturu da zanzaro

Kulawar yau da kullum ba ta da tsada. Duk ranar da aka yi harbi, a zura tsumma a bututu har ya fito fes, a bi da wani mai ɗan mai kaɗan, a goge duk inda hannu ya taɓa, domin gumi gishiri ne. Idan baƙin albarushi aka harba, sai an wanke da ruwan zafi an busar sosai kafin mai, saboda tokarsa na jawo danshi ta fara cin ƙarfe cikin kwana ɗaya.

Mai marar kauri irin na keken ɗinki ya fi baƙin man inji da wasu ke shafawa. Ɗan giris kaɗan a ƙugiyar da bindiga ke karyewa a kai ya isa, kuma a hunturu a riƙa goge shi ana sabuntawa, domin giris da ƙura idan suka haɗu sun zama abin wasa wuƙa.

Yawan mai ma ɓarna ne. Bindigar da aka jingine baki sama, man kan gangaro ya shiga kan ƙota, itacen ya yi baƙi ya yi laushi, daga nan sai tsagewa. Shi ya sa ake ajiye tsohuwar bindiga baki ƙasa, a kan busasshen katako. Da damina kada a bar ta cikin jakar fata ko leda, kuma kada a jingina ta da bangon ƙasa inda gara ke bi. A kulle ta, harsashi a wani wurin daban, inda yara ba sa kaiwa.

Ba a rufe ta da ƙarfi kamar ƙofar mota, ba a kuma jan kunama babu komai a ciki, domin allurar tsohuwar bindiga na karyewa, samun irinta kuwa aiki ne.

Bayan dogon ajiya, kafin a saka harsashi, a leƙa bututu tun daga gindi har baki. Zanzaro na son rami mai duhu, kuma ɗan ginin laka da zai yi a ciki ya isa ya fasa bututu. Haka idan mutum ya yi tuntuɓe bakin ya taɓa ƙasa, ko aka ji harbi ya yi rauni ba kamar kullum ba: a tsaya, a karya bindiga, a leƙa.

Guntun itacen da aka yanke daga ƙota kuma kada a jefar. A rubuta awon da aka cire a jikinsa a ajiye tare da takardun bindigar. Saurayi ɗan shekara 18 na iya ƙara faɗin kafaɗa cikin shekara biyu ko uku, kuma mai gyara zai iya mayar da guntun ya ɗaure da kusoshi biyu a ƙarƙashin robar.